Sojan Da Yaya Ya Bayar

Yayana gyaran keken ɗinki yake yi. Shekara talatin da wani abu ke nan yana zaune a shago ɗaya, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, manne da nawa shagon ɗinkin. Bangon da ya raba mu bai kai rufi ba, don haka ko tari ya yi ina ji. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. A aji huɗu ya bar makaranta ya bi wani tsoho mai gyara, ni kuwa na gama sakandare, shi ya sa har yau duk takardar da ta zo masa da Turanci ta saman bangon nan yake miƙo mini ita.

Wanda ya shiga shagonsa, gwangwanaye zai fara gani. Na madara ne, sun fi hamsin, a jere kan katako. Wannan na noti ne, wancan na karyayyun allurai, na gaba na ƙoshiyar da ta lotsa. Yaya ba ya yar da komai. Bel ɗin da ya tsinke yana rataye a ƙusa tun ina goyon ɗiyata ta fari, wadda yanzu take aiki a ofis. Na taɓa ganin ya bar wata mata a tsaye kusan rabin awa yana rarrafe a ƙasa da mayen ƙarfe, yana neman noti guda da ya faɗi, alhali akwai irinsa arba'in a gwangwani. Na ce masa ya ɗauki wani mana. Ya ce ai wancan ɗin ma yana nan wani wuri, ba tafiya ya yi ba.

Aikinsa dai ba a kushe shi. Keke in ya fito daga hannunsa, sai ka kasa kunne kafin ka ji yana ɗinki. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kuma in mutum biyu suka zo ƙofa tare, shi ne mai ja da baya. Wannan halin tun muna yara yake ba ni haushi.

A tsallaken titi akwai kyamis. Mai shi ba likita ba ne, amma kowa Dokta yake ce masa, shi ma bai taɓa gyara wa kowa ba. Shi ya kawo wasan ches layinmu, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji, wadda ɓangare ɗaya farare ne ɗaya baƙaƙe, kuma farare ke fara motsi. Ya koya wa Yaya, suka mai da shi abin kullum. Da rana, in kasuwa ta yi sanyi, Dokta zai ja ƙofar kyamis ya tsallako da allon a hammata, su ɗora shi kan teburin wani mataccen keke da ke bakin shagon Yaya, su yi wasa ɗaya.

Tun ranar farko Dokta ya kafa doka. Wanda ya ci wasa shi zai riƙe farare gobe. In aka yi canjaras, kowa ya zauna da abin da yake riƙe da shi. Ranar farkon Dokta ne da farare, tunda shi ne malami, kuma shi ya ci.

Shekara tara aka yi a haka. Yaya bai taɓa taɓa farin soja ba sai in ya zo kwashe su ya zuba a jaka.

Ba wai bai iya ba ne. Ya iya irin nasa. Sojojinsa gida ɗaya-ɗaya yake tura su, ya jera komai a bayansu, ya toshe duk wata kafa, sannan ya naɗe hannu yana jira. Dokta zai yi ta zagaye yana neman hanya. Wata rana ya samu ya ci, wata rana ya gaji ya ce canjaras. Canjaras ɗin ma ya fi yawa. Amma canjaras ba ya sauya wa kowa wuri, gobe Yaya zai sake zama a bayan baƙaƙensa.

Mai Aski, wanda shagonsa ke kusa da kyamis kuma ba ya rasa kallon wasan, shi ya laƙaba masa Kunkuru. Sunan ya bi shi. Masu kawo mini ɗinki sukan yi wa juna kwatance da shagon da ke jikin na Kunkuru. Mutumin da ya yi furfura, mai 'ya'ya biyar, wanda rabin telolin unguwar nan ba za su ci abinci ba in ya rufe shago mako guda. Na yi wa Mai Aski tas sau biyu a kan sunan. Yaya kuwa amsawa yake yi.

Sai ga labari Dokta ya sayar da kyamis. Idonsa ya fara rauni, ɗansa da ke wani gari mai nisa ya ce ya dawo wajensa. Saura mako uku ya tafi.

Washegari da safe ina yanka wani yadi na ji muryar Yaya ta saman bango.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wai a wayar nan ta 'yarki, akwai yadda mai baƙaƙe zai yi ya kai hari tun farko?"

Na ajiye almakashi na zagaya. Yana zaune da kan keke a cinya, bai ɗago ba.

"Shekara tara ba ka tambaya ba sai yau?"

"Da ai akwai gobe," in ji shi. "So nake in zauna gefen farare sau ɗaya kafin ya tafi. Sau ɗaya kawai."

Ɗiyata ta bincika, ta bugo mana takardu uku a ofis, kowacce da zanen allo da bayanin yadda baƙaƙe za su buɗe wasa. Da yake Dokta kullum sojan gaban sarkinsa yake fara turowa, ba ya sauyawa, duka ukun amsar wannan ne. Yaya ya shimfiɗa su kan teburinsa, ya danne kowacce da gwangwani, ya sa tabarau. Ni ina karantawa ina mayar masa da Hausa, shi yana motsa 'ya'yan a wani tsohon allo da ya haɗa da kwali.

Ta farko shafi shida ce. An rubuta cewa manyan 'yan wasa ita suke so. In fari ya yi kaza ka yi kaza, in kuwa ya yi kaza akwai hanya huɗu, kowacce da rassanta. Ban kai shafi na uku ba ya ɗaga mini hannu.

"Wannan irin keken zamani ne mai lantarki," in ji shi. "Yana da kyau a hannun wanda ya san cikinsa. Abu ɗaya ya kuskure, sai ka buɗe shi ka tsaya kana kallo."

Ta biyu, sarauniya ce ke fitowa tun motsi na biyu tana yawo a tsakiyar allo. Ya gwada sau biyu, ya ga yadda dokin fari ke korarta daga nan zuwa can. Ya girgiza kai. Ya ce Dokta zai ji daɗin wannan, dama shi mutum ne mai son kora.

Ta uku shafi ɗaya ce da rabi. Ka tura sojan gaban sarauniya gida biyu, daidai inda fari zai cinye shi. Kada ka rama. Ka fito da doki. In fari ya tsaya kare abin da ya ci, ka sake miƙa masa wani sojan, wannan karon ka rama da giwa, wato mai tafiya a karkace. In ƙura ta lafa, fari ya fi ka da soja ɗaya, amma kai dokinka da giwarka suna waje, hanyoyi a buɗe, shi kuwa manyansa duk suna gida ba su motsa ba. A ƙasan takardar an ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya. Na karanta masa: wanda ya zaɓi wannan hanya kada ya waiwayi sojan da ya bayar, sarki zai nufa.

Ya kalli allon kwalin.

"Wannan kayan cikinta kaɗan ne," in ji shi. "Abin da kayansa ba su da yawa, wurin lalacewarsa ma ba shi da yawa."

"Yaya, ka ji dai abin da aka ce? Soja za ka bayar. Kyauta. Kai da ba ka iya barin noti a ƙasa."

"Na ji."

"Ni dai da ta biyun ka ɗauka."

"Ita wannan ɗin dai," in ji shi, ya ninke sauran biyun ya sa a ƙarƙashin gwangwani. Bai yar da su ba, ba sai na faɗa ba.

Mako guda muka yi muna gwaji da safe kafin masu ɗinki su fara zuwa. Ni ce fari, ina bin takarda, ban san dalilin ko motsi ɗaya ba. Da rana kuma ya koma wa Dokta da wasansa na kunkuru, don kada a gane. Abin da na lura da shi tun a gwajin, duk lokacin da na ɗauke sojan nan na ajiye gefe, sai ya bi shi da ido.

Ranar Litinin ta mako na biyu ya fito da ita. Na bar ɗinki na tsaya a bakin ƙofa. Dokta ya turo sojansa kamar kullum, yana ba Mai Aski labarin gidan ɗansa mai bene. Yaya ya tura nasa gida biyu.

"A'a," in ji Mai Aski. "Kunkuru ya leƙo. Dokta, me ka ba shi ya sha?"

Dokta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kalli Yaya. "Injiniya, hannunka ne ya zame? In ka so ka mayar, ban gani ba."

"Bai zame ba, Dokta."

"To, ni ba na ƙin kyauta."

Ya cinye. Komai ya tafi yadda takarda ta ce. Kafin a yi motsi goma Dokta ya daina zancen bene. Ni da ban iya wasan ba ma na ga baƙaƙe sun cika tsakiyar allo, sarkin fari yana tsaye a fili. Sai Yaya ya hango wani farin soja a can gefe ba mai tsaronsa. Ya ɗauki sarauniya daga inda take ya je ya cinye shi. Ya yi ajiyar zuciya, kamar wanda ya tsinci notinsa.

Dokta ya samu sararin motsi biyu. Ya ɓoye sarkinsa a lungu, ya fito da manyansa, ya tare sarauniyar a gefen da ta je. Rabin awa aka gama, Dokta ya ci.

Talata haka. Laraba haka, sai dai wani sojan ne daban. Alhamis ya yi ƙoƙari ya daure har motsi goma sha biyar, sannan ya koma neman ramuwa.

Na same shi a shago bayan Dokta ya tsallaka.

"Kai wai me ke damunka? Ga sarki a tsaye tsirara, kai kana can kana tsince-tsince."

"In na ga ya fi ni da ɗaya, sai in ji allon ya karkace," in ji shi. "Idona ba ya barin wurin."

Wurin da yake nufi na san shi. Dokta yana da ɗabi'ar jera duk abin da ya ci a gefen allo, a layi, kamar kwalaben magani a kanta. Baƙin sojan nan shi ne na farko a layin, yana tsaye yana kallon Yaya har a tashi.

Daga Litinin ta makon ƙarshe na fito da kujerata na zauna kusa da teburin. Dokta yana cinye sojan ya ajiye, na miƙa hannu na ɗauke na jefa a aljihun rigar aikina, cikin alli da tef.

"Hajiya Tela, wannan kuma fa?" in ji Dokta.

"Ya fita daga wasa ko bai fita ba?"

"Ya fita."

"To ina ruwanka da inda ya kwana?"

Mai Aski ya ce a duba littafin doka. Dokta ya yi dariya ya ce a bar ta, mai ɗinki ba ta ganin ƙaramin abu ta ƙyale. Ranar an yi canjaras. Talata Yaya ya sha kashi, amma a gaban sarkin Dokta ya sha shi, ba a gefen allo ba. Da Dokta ya so, da tuni ya daina karɓar sojan, ya bi wata hanya. Girman kai bai bar shi ba. Ya riga ya ce ba ya ƙin kyauta a gaban Mai Aski.

Ranar Laraba Dokta ya zo ya jera 'ya'yan da kansa, sannan ya juya allon, farare suka koma gaban Yaya.

"Injiniya, kwana uku ya rage mini. Riƙe su yau. Ni na ba ka."

Yaya ya kalli fararen. Ya goge hannunsa da tsumma, har na ɗauka zai taɓa su. Sai ya kama gefen allon ya juya shi a hankali yadda ko ɗaya bai faɗi ba.

"Na gode, Dokta. Doka dai ita ce doka."

Raina ya ɓaci har na kasa zama. Abin da mutum ya shekara tara yana so an ajiye masa a gabansa, ya mayar. Na shiga shago na taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke. Ranar sojan ma ban ɗauke ba, kuma Yaya ya sha kashi. Alhamis canjaras.

Juma'a na koma kujerata, don ba zan iya jin wasan ta bango ba. Soja ya tafi, ya shiga aljihuna. Doki ya fito, giwa ta fito. Yaya ya kai sarkinsa ɓangaren sarauniya, hasumiyarsa, wato mai tafiya a miƙe, ta faɗo daidai layin da ba soja ko ɗaya, tana kallon tsakiyar gidan Dokta. Dokta ya turo wani soja gefe, ya bar shi ba tsaro. Da gangan ya yi, kowa ya gani, ya riga ya san mutuminsa.

Hannun Yaya ya tafi wajen sarauniya. Ya tsaya a sama. Ya kalli gefen allo inda aka saba jera matattu, bai ga komai ba sai tsatsar teburin keke. Mai Aski ya buɗe baki, na harare shi ya rufe. Hannun ya bar sarauniya ya ɗauki doki, ya dire shi gida biyu daga sarkin Dokta, inda soja zai iya cinye shi.

Dokta ya cinye dokin, don ba shi da wata hanya. Na ɗauke shi ma na sa a aljihu. Sarauniya ta shigo ta inda sojan ya bari, hasumiya ta sauko. Motsi huɗu aka ƙara. Dokta ya duba dama ya duba hagu, ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa.

"To," in ji shi. "Injiniya, gobe kai ne da farare."

Yaya ya miƙo mini hannu na ba shi sojansa da dokinsa, ya zuba a jaka, ya koma kan keken da ya bari a buɗe.

Asabar motar kayan Dokta tana tsaye a ƙofar kyamis ana lodi. Yaya ya zo da riga wankakkiya. Mutane sun fi na kullum, har mai faci da mai sayar da katin waya sun matso. Aka jera, farare a gaban Yaya. Ya gyara kowane ɗaya a tsakiyar gidansa. Ya naɗe hannu.

Aka yi shiru. Minti ɗaya, biyu. Dokta yana kallonsa, shi yana kallon allo.

"Injiniya," in ji Dokta, "kai ake jira."

Yaya ya ɗago. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mako uku muna fama da takarda, ni da shi da ɗiyata, ba wanda ya tuna cewa in ya ci, shi zai fara motsi. Duk abin da ya sani a wasan nan amsa ce. Bai taɓa fara komai ba. Ni da nake ganin na fi shi wayo, ni ma ban tuna ba.

"Ka tura ko wanne mana," in ji Mai Aski. "Mota na jira."

Ya tura soja gida ɗaya. Dokta ya amsa. Ya tura wani gida ɗaya. Kafin a jima ya jera komai a bayansu ya toshe kowace kafa, wasansa na shekara tara, sai dai da farare. Mai Aski ya ce kunkuru ya sake riga ne kawai. Dokta ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu. Direba ya yi hon sau biyu. Dokta ya duba agogo, ya miƙa hannu.

"Canjaras."

"Canjaras," in ji Yaya. Ya riƙe hannun bai saki ba. "Dokta, in aka yi canjaras, yaya dokar take?"

Dokta ya yi dariya har da tari. "Kowa da abin da yake riƙe da shi. Naka ne, Injiniya. Riƙe su har in dawo."

Bai ɗauki allon ba. Ya ce idonsa ba zai ƙara ganin gidajen ba nan da shekara, kuma a can ba shi da abokin wasa. Ya tsallaka ya shiga gaban mota.

Yanzu kyamis ɗin ya zama shagon sayar da fenti. Allon yana kan katako tsakanin gwangwanin noti da na allurai, takardun uku a ƙarƙashinsa. Mai Aski ya fara koyo, yakan tsallako da rana. Har yanzu Kunkuru yake ce masa, ni kuma har yanzu ina tanka masa. In sun zauna, Yaya baƙaƙe yake ja gabansa, ya tura sojan nan gida biyu. Na tambaye shi ina amfanin wahalar da muka sha in dai baƙaƙen zai koma wa. Ya ce fararen na wasansa da Dokta ne, wannan kuwa wani wasan ne daban.

Noti kuwa in ya faɗi, har gobe sai ya durƙusa ya nemo shi.